Damin Magini

Da kakar shekarar 1973, wata ranar Litinin da la'asar, ina zaune bakin zaurenmu ina cire wa ƙanena Bawa ƙarangiya daga ƙafa, sai na hango Baba ya ɓullo ta lungun gidan Sarkin Noma da dami a kansa, an naɗe shi cikin tsohuwar tabarma an ɗaure da igiyar kaba. Tafe yake a hankali yana ɗan ranƙwafar da wuya kamar mai ɗauke da nauyi, duk wanda ya gamu da shi sai ya ce, "Sannu da aiki, Magini," shi kuma ya amsa da fara'a. Na saɓi Bawa na ruga cikin gida ina ihu wai yau akwai fura, domin rabon da dami ya shigo gidanmu har na manta. Inna ta karɓi kayan, kuma tun daga yadda hannunta ya yi sama da shi ba wahala na ga fuskarta ta sauya. Ta shige bayan ɗaki ta kwance igiyar, ni kuwa da shegen leƙe na bi ta. Kara ne zalla, sai 'yan kawunan geron da rana ta ƙone tun ba su yi ido ba; ko kaza ba za ta sami abin tsattsaga a ciki ba. Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta mayar ta naɗe, ta ɗaure tamau yadda ya zo. Da ta juyo ta gan ni, sai ta ce, "Ke, ba ki ga komi ba." Ba ta faɗin sunana da yake ni ce 'yar fari. Ban kai shekara goma ba a lokacin, amma na gane ba tambayata take yi ba.

Sunan mahaifina Nomau, sai dai a ƙauyenmu da ke gefen Unguwar Lalle, har zuwa wajen Turba, ba mai kiransa da shi. Magini kawai ake cewa. Ba ɗaki yake ginawa ba, wannan a wurinsa aikin kowa ne. Rumbun ƙasa yake yi, wanda mu can muke kira ruhewa. Sai ya jera duwatsu ya gicciya itace a kansu, ya kwaɓa ƙasar suri da yankakkiyar ciyawa, ya bar ta ta kwana biyu ta yi danƙo, sannan ya riƙa murɗa ta yana ɗorawa zagaye bisa zagaye. Ba ya ɗora abin da ya wuce wanda rana za ta busar a yini, ko da mai rumbun zai yi ta safa da marwa yana cewa hatsinsa na zube a gona. Bangon bai fi kaurin tafin hannu ba, amma ƙato zai hau shi bai ko motsa ba. In ya kai wuya, sai ya tsoma yatsu uku a ruwa ya zagaye shi da wani zane da muke kira sawun zabuwa, kuma da wannan zanen ake gane aikinsa tun daga nesa. Inna takan ce ya fi kula da wuyan rumbu a kan wuyan rigarsa, kuma gaskiyarta ne. Mu yara mukan gina namu ƙananan rumbunan a bayan gida mu cika su da 'ya'yan tafasa. Shi kuwa sai ya tsuguna ya duba nawa da gaske, ba ko murmushi, ya ce, "Ya karkace," in rushe in sake ina ƙunƙuni.

Kowane magidanci na da rumbun da ake ci yau da kullum, yana kuma da rumbun tsimi, wanda ake liƙewa da kaka, ba a sake taɓa shi sai ruwa ya sauka an shiga aikin gona. A can iri yake, a can kuma abincin manoma yake. Baba ake kira ya yi wannan liƙin, domin in ya yaɓe murfi, gara da ɓera sai dai su haƙura. Kafin ya liƙe dole ya hau ya leƙa, ya gyara zaman dammunan ya barbaɗa toka, saboda haka shi kaɗai ne a garin ya san abin da ke cikin rumbun kowa. Matan gida ma ba sa leƙa rumbun mazansu. Ladansa dami ɗaya ne, ana ce masa damin magini, ya ɗauko shi a ka ya ratsa gari kowa na gani. Ban taɓa jin ya ce na wane ya cika ko na wane saura ba. In aka ja shi da zancen sai ya ce, "Ba don tuwo kaɗai anka yi ciki ba." Dukana ɗaya da na tuna daga hannunsa, a kan ƙwanƙwasa rumbu ne. Muna wasan ɓuya na buga cikin rumbun maƙwabcinmu don in ji ƙararsa, sai na ji tsumagiya a ƙwaurina. Ya ce rumbu cikin mutum ne, kuma mai tarbiyya ba ya buga cikin wani don ya ji ko ya ci.

To, sai ga fari. Shekarar da ta gabata ma da ƙyar aka kai, wannan kuwa ruwa ya zo a makare, ya ɗauke gero na bununi. Gonaki suka yi fari fat, gulbi ya koma rairayi, Fulanin da ke kawo mana nono suka kora sauran shanunsu kudu. Muka koma cin tafasa da yaɗiya, da dusar da a da awaki ake ba. Mukan fita da Inna mu tsinko anza, 'ya'yan wani itacen daji masu ɗaci, a jiƙa ta ana sauya ruwa har ɗacin ya ragu, kodayake ni ban taɓa yarda ya ragu ba. A makarantarmu ta boko, wadda maigari ya tilasta aka sa ni, yara suka riƙa raguwa, waɗanda suka rage kuma ba mai ƙarfin langa ko 'yar carafke. In aka tashi tara, sai mu jingina da bango muna kallon fili.

A haka aka soma kiran Baba liƙin rumbu, kamar kowace shekara. Sarkin Noma Jatau ne ya fara. Dattijo ne mai kwarjini, wanda rumbunansa suka fi na kowa, kuma shi ke ba talakawa iri da damina. Bayan na girma Inna ta ba ni labarin abin da ya faru ranar. Baba ya hau ya leƙa, ya tarar wayam, sai kashin ɓera. Da ya sauko, Sarkin Noma ya kama hannunsa ya ce, "Magini, abin da idonka yag gani, ka bar shi nan bisa." Ba girman kai kaɗai ba ne. Mutane da yawa sun ɗaure kayansu za su bar garin, abin da ya tsayar da su kawai shi ne sun san akwai iri a rumbun Sarkin Noma. Baba ya yi alkawari, ya yaɓe murfin, ya zana sawun zabuwarsa. Kuma da yake in magini ya fito hannu rabbana kowa zai gane, sai aka naɗe masa kara a tabarma. Wannan shi ne damin da na yi wa ihu.

Daga nan abin ya bi gari. Kowa ya ga na maƙwabcinsa a liƙe sai ya ji kunyar barin nasa a buɗe, ya aiko a kira Magini, kowa kuma yana zaton shi kaɗai ne ba shi da komai. Baba ya yi ta shigowa da dammuna a naɗe, kowanne cikin tabarmar gidan da ya fito. Abin da ke ba ni haushi a lokacin, yanzu kuma yake sa ni hawaye, shi ne bai rage wa aikin komai ba. Yadda yake gyara murfin rumbun da ya cika, haka yake gyara na wanda ba ko ƙwaya, yana ja da baya yana karkata kai yana duba zanen. Namu ya bari ƙarshe. Da rana tsaka, kowa na gani, ya hau tsani Inna na miƙa masa dammunan nan a naɗe yana zurawa ciki, sannan ya liƙe. Rumbun nan shi ne mafi kyau cikin duk waɗanda ya gina, ya yi shi ne shekarar da aka haifi Bawa.

Bawa bai daɗe da yaye ba, yaro ne mai surutu da son fura. Inuwar ƙarƙashin rumbun ce wurin wasansa, tare da kajinmu kafin a sayar da su. Ya ga dammuna sun shiga da idonsa, saboda haka kullum sai ya kama ƙafar Baba ya ce, "Baba, buɗe." Baba kuma ya ce, "Sai ruwa ya sauka." Daga nan yaron ya ɗauki kallon sama sana'a. Ko guntun gajimare ya gani sai ya ja zanena ya ce, "Kulu, ruwa!" Ni na san abin da ke ciki, amma an ce ban ga komai ba, sai in ce masa saura kaɗan. Kafin bazara surutun ya ragu, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunsa suka soma kumbura.

Ana tsakiyar zafin bazara aka kawo taimakon hatsi, wata jar dawa da ba mu saba gani ba. Ba ta da yawa, saboda haka mutum biyu da suka zo daga garin Isa suka zaga gida-gida tare da ɗan aiken maigari don su ga wa ya fi buƙata. Dokarsu mai sauƙi ce, kuma ban ga laifinsu ba: gidan da rumbun tsiminsa ke liƙe ya dakata, a fara da zawarawa da waɗanda nasu ke buɗe ba komai. Da suka shigo gidanmu, babbansu ya tsaya gaban rumbun ya shafa shi ya ce, "Kai, wanga aiki! Wa yay yi shi?" Baba ya ce shi ne, kuma wallahi na ga daɗin ya kama shi duk da halin da ake ciki. Mutumin ya ce, "Akwai ɗan abin taɓawa ke nan?" Baba ya dubi ƙasa ya ce, "Mun gode Allah." Amsar da kowane mai mutunci ke bayarwa ke nan a garinmu, ko ya ƙoshi ko bai ƙoshi ba, su kuwa suka ɗauke ta a matsayin i. Suka fita. Haka suka wuce gidan Sarkin Noma da duk gidan da ke da sawun zabuwa a wuyan rumbu, ba wanda ya buɗe baki.

Ban taɓa jin Inna ta ɗaga wa Baba murya ba sai ranar. Ta kwance Bawa daga goyo ta ajiye masa shi a cinya, ta danna ƙafar yaron da yatsa, wurin ya loɓa bai taso ba. Ta ce, "Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗiyanka na ƙarewa, kai kana yi ma bango kwalliya." Ya ce, "In nib buɗe nawa, za a tambayi na kowa. Hannuna na bisa dut, kuma na yi alkawali." Ta ce to, alkawarin ya zo ya dama wa yaron kunu mana. Sai ya tashi ya tafi gidan Sarkin Noma neman a sauke masa alkawarin. Sarkin Noma, wanda shi ma rigarsa ta yi masa yawa, ya ce, "Ka yi haƙuri, Magini, hadari ya kusa. In anka san babu iri, garin ga watsewa za shi yi." Baba ya dawo ya zauna gindin rumbun. Ya daina cin rabonsa na anza, yana tura mana, kamar hakan zai isa.

Hadari bai zo ba, sai masu rabon suka dawo karo na biyu. Ranar Bawa ko zama ba ya iya yi. Ana taruwa a ƙofar maigari, Baba ya je ya kira mutanen nan ya ce su zo su duba rumbunsa, jama'a kuwa suka biyo su, don abin da ba a saba ji ba ne. Ya jingina tsani ya fara hawa zai fasa murfin daga sama, inda mutum ɗaya ne kawai zai leƙa ya sauko. Bai kai rabi ba jiri ya ɗebe shi, ya sauko yana riƙe da tsanin yana haki. Ya sake gwadawa, ƙafarsa ta ƙi. Babu wanda ya matso ya hau a madadinsa, domin ba a hawa rumbun wani. Sai kawai ya ɗauki gatarin Inna ya sari cikin rumbun. Bangon da ya yi sirara da hannunsa bai yi masa gardama ba, wani babban ɓangare ya ɓalle ya faɗo. Ya ce, "Ga nawa nan. Kada a tambaye ni na wani."

A cikin ruɗewarsa ya manta abin da ya zura a ciki. Dammunan nan suka gangaro waje, igiyoyin da suka bushe suka tsinke, kara ya watse a tsakar gida. A ƙauye kowa ya san tabarmar gidan kowa, balle ta Sarkin Noma mai jan baki. In ladan magini kara ne, ai ba sai an tambayi abin da ke cikin rumbun da ya liƙe ba. Bai ambaci sunan kowa ba, amma ya gama faɗa. Na ga maza sun sunkuyar da kai suna sulalewa. Bawa na bayan Inna, ƙarar fashewar ta sa ya ɗago kai. Bai dubi karan ba, sama ya duba, tunda an ce masa sai ruwa ya sauka ake buɗewa.

Masu rabo suka ce a buɗe kowane rumbu, aka buɗe, aka kuma aika Isa cewa garin nan duka yana cikin yunwa. An ƙaro dawa, daga baya har iri aka kawo, kodayake wasu gidajen sun riga sun kama hanyar kudu, yadda Sarkin Noma ya ji tsoro. Inna ta dama kunun jar dawar nan mai ruwa-ruwa, ta riƙa ɗura wa Bawa da ludayi, amma cikinsa ya daina riƙe komai. Da hantsin wata rana, ina riƙe da kansa a cinyata, ya cika. Ajali ne, na sani, kuma ba zan ce da an buɗe tun zuwan farko zai rayu ba. Amma na yi shekaru ina jin haushin Baba a kan wancan "Mun gode Allah", kuma ina jin shi ma bai taɓa daina jin haushin kansa ba.

Abin da ya fi ƙona min rai kuwa shi ne mutanen garin. Sun ci dawar da gatarinsa ya jawo musu, 'ya'yansu sun tashi, amma ba su yafe masa ba. Aka riƙa cewa Magini ya tona asirin gari. Sarkin Noma ya zo gaisuwar rasuwa don ba yadda zai yi, bayan nan har ya mutu in sun gamu sai ya kau da kai. Damina ta zo da albarka, aka yi gero, kaka ta yi, muka zauna muna jiran a aiko kiran Baba. Sai muka ji an ɗauko wani magini daga Turba. Baba kuwa ya koma kan namu rumbun. Ya kwaɓa ƙasa ya toshe ramin rumbunmu, facin ya fito fili kamar tabon ƙuna, kuma da ya liƙe murfin bai tsoma yatsunsa a ruwa ba. Daga shekarar bai sake zana sawun zabuwa ba. Da rani sai ya tafi Isa yana buga wa masu gini tubali, aikin da a da yake cewa na kowa ne.

A ƙarshen wannan kakar, wata safiya na fita shara sai na tarar da dami a bakin zaure, naɗe cikin tabarma, ba wanda ya ce shi ya ajiye. Na kasa ɗaga shi, sai da Inna ta kama min. Muka kai bayan ɗaki ta kwance: gero ne, manyan kawuna masu cikakken ido. Inna ta gane tabarmar, na ga alama a fuskarta, amma ita da ta yi faɗa a kan ɓoyo, har ta koma ga Allah ba ta faɗi ta wane gida ba ce. Baba ya zo ya tsuguna, ya zari kai ɗaya ya murza a tafin hannunsa ya hure ƙaiƙayin. Ya daɗe yana kallon ƙwayoyin, sannan ya ce a hankali, "Ruwa ya sauka, Bawa." Ranar ce kaɗai na ga hawayen mahaifina.

Yanzu a buhu ake ajiye hatsi, a jibge a ɗaki mai rufin kwano da kwaɗo a ƙofa, kuma jikokina ba su san abin da ake kira rumbun tsimi ba. In an kawo taimako, sai a tsayar da dattijo ya rungumi buhu a ɗauke shi hoto da waya, duniya duka ta gani, shi ma ba ya jin komai, ko kuwa yana ji ya haɗiye. Ba na cewa a koma zamanin da kunya ke hana mutum cewa yana jin yunwa, ni na san abin da wannan ya ci mana. Amma ina kewar mutumin da zai ranƙwafar da wuya ƙarƙashin damin kara don kada a raina maƙwabcinsa. Hanyar ƙauyenmu ta yi wuyar bi yanzu, na jima ban je ba. Zuwana na ƙarshe rumbun ya daɗe da narkewa, sai duwatsun da ya zauna a kai, a jere yadda Baba ya jera su. Na tsufa, amma har yau in na wuce kusa da rumbun wani, sai in mayar da hannuna baya.